Ranar da Kwamfuta Ta Hana Malam Shu'aibu Izini

Akwai wani dattijo a Bungudu da ake kira Malam Shu'aibu Mai Jan Biro. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da darasin noma a sakandare, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya ƙara wa yaro maki ɗaya don ubansa ya zo gaisuwa ba. Jan biron nan har yau yana aljihun gaban rigarsa.

Bayan ritaya, wani kamfanin sayar da irin shuka mai suna Tsaba Nagari ya ɗauke shi aiki. Babban ofishin kamfanin yana Gusau, yana da sito a Tsafe, yana da wani a Bungudu.

Aikin Malam ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Duk rukunin buhunan da aka kawo, sai ya ɗebi ƙwara ɗari, ya jera su a tire mai jiƙaƙƙen yashi, ya jira kwana bakwai, ya ƙirga nawa suka tsiro. Sakamakon da ya samu shi ake bugawa a takardar da ake maƙalawa a bakin buhu, tare da sunansa.

Manoman Mada da Ruwan Bore da yawa ɗalibansa ne. Ba sunan kamfani suke dubawa ba. Sunan Malam suke nema a bakin buhu.

Kwamfutocin ofisoshin nan uku a haɗe suke. Akwai wata ma'ajiya guda a cikinsu, ita ake kira folda, inda ake ajiye sakamakon gwaji. Abin da aka ajiye a Bungudu, na Gusau zai gan shi nan take, kuma daga nan ake buga takardun buhu. Mai kula da kwamfutocin wata matashiya ce, Juwairiyya. Ita ce admin, wato mai ba da izini da hanawa.

Ana saura wata ɗaya damina ta faɗi, Juwairiyya ta kulle foldar. Ta sanar cewa daga yanzu ba wanda zai iya buɗe sabon fayil a ciki. Duk mai sakamako ya kira ta, ta buɗe masa fayil da sunansa, shi kuma ya cika.

Abin ya ɓata wa Malam rai, ya kira ta a waya.

"Ɗiyata, ni ne Shu'aibu. Ba ni kalmar sirrin nan in riƙa aikina ba sai na yi bara ba."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba? Ai magana biyu ce."

"Duka biyun, Baba."

Ya kashe wayar. Tun daga ranar ya sa mata ido. A ganinsa, wanda ya kulle ƙofa bai faɗi dalili ba, akwai abin da ya ajiye a bayanta.

Ana nan aka kawo buhun masara ɗari biyu daga siton Tsafe, rukuni na goma sha bakwai. Malam ya ɗebi ƙwara ɗari ya shuka a tire kamar kullum. Da kwana bakwai suka cika ya sa tabarau ya ƙirga.

Arba'in da ɗaya.

Ya sake ƙirgawa da tsinken tsintsiya, ɗaya bayan ɗaya. Ya tona yashin, ya tarar da sauran sun ruɓe, sun yi baƙi. Irin da ya fi rabi matacce ba iri ba ne, abincin kaji ne.

Don haushi bai kira kowa ba. Ya zauna gaban kwamfuta ya ce zai buɗe fayil da kansa. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar, da Turanci, yana cewa ba shi da izinin ajiye komai a wannan wuri, ya nemi mai kula. Ya sake gwadawa, ya sake fitowa. Sau huɗu.

Dole ya ɗauki waya.

"Buɗe mini fayil na rukuni na sha bakwai."

Ya ji tana danne-danne, sannan ta ce, "Baba, ai sha bakwai yana da fayil. Tun ranar Juma'a. Casa'in da biyu cikin ɗari, da sunanka."

"Da sunan wa?"

"Da sunanka."

"Ni ban rubuta ba. Yau ma na ƙirga."

Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce da ƙaramar murya, "Baba, kada ka taɓa komai. Bari in duba."

Shirun nan shi ya gama tabbatar wa Malam abin da yake zargi. Ya yi lissafinsa kamar yadda yake koya wa yara. Folda a kulle take. Ba mai iya buɗe fayil sai mai makulli, wato kalmar sirri. Makulli yana hannunta. To wa ya rage?

Ya leƙa sito ya kira Ɗanlami, mai gadin kaya.

"Buhunan sha bakwai, kada ko ɗaya ya fita."

Ɗanlami ya sosa ƙeya. "Malam, ai sittin sun tafi Mada tun jiya. Takardunsu sun zo daga Gusau, munka maƙala. Gobe kasuwa, ka san ruwa ya sauka, kowa iri yake nema."

 A wannan zamani da manomi ke shiga gona zuciyarsa a hannu, sau ɗaya mutum ke samun shuka. In ta lalace, shekara ta tafi. Kuma gobe mutum sittin za su ɗauki mataccen iri zuwa gida don sun ga sunan Shu'aibu.

Malam ya koma teburinsa ya rubuta takardar koke, shafi ɗaya da rabi, rubutu a tsaye kamar an auna da rula. Ya naɗe ta ya sa aljihu. Ya ɗauki tiren yashin nan da hannu biyu ya nufi tasha.

A cikin mota ya ɗora tiren a cinya, ya hana kowa matsa shi. Wata mata mai kwandon tumatir ta kalle shi ta ce, "Baba, gona sukutum za ka kai birni?"

"Shaida zan kai, Hajiya."

"To Allah ya sa alƙalin yana cin masara."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba.

Ya isa babban ofishi ana shirin azahar. Mai kamfanin, Alhaji Abdulaziz, yana tsaye a babban ɗakin ma'aikata. Kusa da shi ga Sabiru, manajan siton Tsafe, ɗan yayar Alhajin, ya zo da wani aiki. Juwairiyya tana can kusurwa gaban kwamfutarta.

Malam ya yi sallama, ya dire tiren a kan teburin da ke tsakiya.

"Alhaji, ƙirga."

"Malam, lafiya? Mu shiga ofis mana."

"A nan zan yi magana. Ƙirga."

Alhaji bai ƙirga ba, amma ido ya ishe shi. Tiren ya yi kama da kan da aka yi wa aski rabi aka bari.

Malam ya zaro takardarsa ya karanta da muryar da yake kiran sunaye a filin taro. Ya ce an ƙirƙiri sakamakon ƙarya da sunansa. Ya ce an kulle folda ne don a toshe masa baki. Ya ce mai riƙe da makulli ita ce mai laifi, kuma yana neman a sallame ta a yau, a gaban jama'a.

 Juwairiyya ta miƙe tsaye, idanunta sun kaɗa.

Sabiru ne ya fara magana.

"Wallahi Baba ka faɗi gaskiya. Tun da anka kulle wagga folda muke shan wahala. Kawu, mafita mai sauƙi ce. A goge wancan fayil yanzu, a buɗe wa kowa kamar da, Baba ya rubuta nashi. Shi ke nan, magana ta mutu."

Malam ya juya ya kalle shi ta saman tabarau. Ya ji daɗin goyon bayan, amma wani abu ya tsaya masa a rai. Shekara talatin da biyar sun koya masa cewa idan aka yi rubutun banza a allo, yaron da ya fi kowa saurin ɗauko abin gogewa shi ake fara tambaya.

Ya ce, "Kada a goge komai tukuna." Sannan ya dubi Juwairiyya. "Ke, mi za ki ce?"

"Baba, kwamfuta tana rubuta wanda ya buɗe kowane fayil, da lokacin, da inda yake zaune. Na duba. Ba da nawa makullin aka buɗe ba."

"Mai riƙe da rajista shi ke rubuta rajista. Na yi aikin nan kafin a haife ki. Ba ni wata hujja."

Ta sunkuyar da kai. "Makullin biyu ne, Baba."

"Biyu?"

"Biyu."

"Ɗayan yana hannun wa?"

Ba ta amsa ba. Ta ci gaba da kallon ƙasa tana murza gefen mayafinta.

A nan Malam ya gane irin shirun. Ba na marar gaskiya ba ne. Shirun yarinyar da aka yi wa tarbiyya ne, wadda ta gwammace a kore ta da ta ambaci sunan babba a gaban yaransa. Ya bi inda take gudun kallo, sai idonsa ya sauka a kan Alhaji.

Alhaji ya gyara hula. "E, ni ma ina da shi. Ita ta ce a kulle, don ta lura ana taɓa tsofaffin sakamako, na amince. Amma ni ko kunna kwamfuta ban cika yi ba."

"Yaushe aka buɗe fayil ɗin?" Malam ya tambayi Juwairiyya.

"Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata."

"A wane ofishi?"

Ta ɗan yi jinkiri. "Tsafe."

"Alhaji, ƙarfe biyu saura kwata na Juma'a kana ina?"

"Ina masallaci, nan Gusau."

"To makullinka ya tafi Tsafe ba tare da kai ba. Wa ya ɗauke shi?"

Sabiru ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Baba, waɗanga na'urori ai ƙarya suke yi. Ita da ta san kansu tana iya sa su ce komai."

"Haka ni ma na ce, kuma ban janye ba tukuna," in ji Malam. "Shi ya sa nake son shaidar da ba ta bi ta hannunta ba. Alhaji, ka taɓa faɗa wa wani kalmar sirrinka?"

 Kowa a kamfanin ya san Alhaji ba ya rubuta saƙo a waya, murya yake turawa. Hannunsa ya kai aljihu, ya tsaya a can.

"Malam, maganar gida ce. Mu shiga ciki."

"A nan na ci mutuncin yarinyar nan. In tana da gaskiya, a nan za a wanke ta. In kuma ba ta da ita, a nan za ta fita. Ciro wayar."

Da wani ne ya yi wa Alhaji wannan magana, da ya kwana ba aiki. Amma Alhaji Abdulaziz ma ya taɓa zama a ajin Malam, kuma akwai muryar da mutum ba ya girme mata. Ya ciro wayar, ya nemo, ya danna.

Muryar Sabiru ta cika ɗakin. Yana cewa Kawu ya taimaka masa da kalmar sirri, ya kira Juwairiyya ba ta ɗauka, ga aiki ya tsaya. Bayanta sai muryar Alhaji, da ƙarar mota a bayansa, yana karanto kalmar harafi bayan harafi, yana ƙarawa da cewa kada ya faɗa wa kowa.

Juwairiyya ta ce a hankali, "Bai kira ni ba."

Sabiru ya zauna a kan kujerar da ke bayansa. Ba a matsa masa ba, da kansa ya fara zuba. Masarar ragowar bara ce. Rufin siton Tsafe ya yi yoyo tun ƙarshen damina, ya ga alama, bai faɗa ba don kada a ce ya yi sakaci. Ya shanya ta, ya sauya mata buhu, ya tura Bungudu. Ya san in ta shiga tiren Malam asirinsa ya tonu, sai ya riga shi rubutawa.

"Mi ya sa ka sa sunana?" Malam ya tambaya.

"Ba wanda ke tambaya in ya ga sunanka, Baba."

Malam ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya shimfiɗa takardar kokensa a kan tebur, ya zaro jan biro, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. A ƙasa ya rubuta abin da ya sha rubuta wa yara: Ba ka yi bincike ba. Sake.

Ya taka har gaban Juwairiyya.

"Ɗiyata, na zarge ki ba da ilimi ba, kuma na yi a gaban mutane. Ki yafe mini a gabansu."

"Baba, ba komai."

"Da komai. Ki ce kin yafe, ko ki ce ba ki yafe ba."

Ta share ido da bakin mayafi. "Na yafe."

Ya juya ga Alhaji, muryarsa ta koma yadda take.

"Yanzu saura naka. Mota ta tashi zuwa Mada kafin la'asar, ta kwaso buhu sittin. A sauya kalmar sirrinka yau, sabuwar ta zauna a hannun Juwairiyya. A rubuta a takarda cewa casa'in da biyun nan ba daga hannuna ta fito ba, ka sa hannu, a manna a ofisoshi uku. Ina nan zaune har in ga ƙurar motar."

Ya ja kujera ya zauna bakin ƙofa. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba sai da motar ta fita.

Juwairiyya ta buɗe masa sabon fayil da sunansa. Ya zauna ya rubuta arba'in da ɗaya da yatsa ɗaya. Na ƙaryar kuwa ta ce ba za ta goge ba, za ta ajiye shi gefe, ya zama shaida. Malam ya gyaɗa kai. Shi ma da haka zai yi.

Motar ta dawo da buhu hamsin da tara.

Dillalin da aka kai wa buhunan a Mada ya ce ɗayan, wani manomi ne daga Ruwan Bore, Ma'u, ya zo tun jiya ya roƙa aka ba shi kafin kasuwa. Washegari da hantsi Malam ya hau mashin ya tafi da kansa. Ya tarar da Ma'u a gona da iyalinsa, suna rufe ramukan ƙarshe da diddige. Buhun yana yashe a gindin bishiya, ba komai a ciki.

Ma'u ya yar da sungumi ya rugo ya durƙusa. "Malam, kai ne da kanka a gonata?"

Malam ya faɗa masa komai, bai rage ba. Ma'u ya juya ya kalli gonar tun daga farko har ƙarshe. Ya ɗauko buhun, ya shafa takardar da ke bakinsa da babban yatsa.

"Ni ban iya Turanci sosai ba, Malam. Sunanka na gani."

 

An kai wa Ma'u sabon iri, ya sake shuka. Amma ya rasa kwanakin farkon ruwa, ya yi aiki biyu a gona ɗaya, kuma masararsa ta zo a bayan ta maƙwabta. Sabiru kuwa ba a kore shi ba. An ɗauke shi daga sito an ba shi kula da motoci, wai don kada zumunci ya ɓaci. Ku gaya mini, jama'a, a wace makaranta ake sauya wa mai satar jarrabawa benci a ce an hukunta shi? Zumuncin Ma'u da gonarsa fa, wa ya duba shi?

Malam bai bar maganar ba. Duk ranar Litinin takarda tana isa teburin Alhaji, a kan abu ɗaya: Sabiru ya taka da ƙafarsa zuwa Ruwan Bore, ya tsaya gaban Ma'u ya faɗi abin da ya yi. An kai takarda ta tara, Sabiru bai je ba. Malam ya ce yana da takarda, yana da biro, kuma ritaya ta ba shi lokaci.

Wata rana Alhaji ya so ya lallashe shi. Ya kira shi ofis tare da Juwairiyya, ya ce don girmamawa za a ba Malam makulli na uku, ya riƙa buɗe fayil yadda ya ga dama.

Malam ya girgiza kai.

"Da ta ba ni ranar da na nema, da yau wa zai yarda ba ni na rubuta casa'in da biyu ba? Sunana ne a kai, ga makulli a hannuna. Ƙofar da ta hana ni shiga ita ta shaida ban shiga ba. Ku bar ni a waje."

Ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗiyata, gobe ina da sakamakon waken suya. Zan kira ki."

"Ina jira, Baba."

"Kuma in Alhaji ya sake neman nashi makullin, ki ce ya zo wurina."

Darasi: Ba duk wanda ya hana ka shiga ne maƙiyinka ba, kuma ba duk wanda ya ce a buɗe wa kowa ne masoyinka ba. Kafin ka ɗora wa mutum laifi, ka tambaya makulli nawa ne, kuma suna hannun wa. Amanar da aka ba ka a wurin aiki ba taka ba ce da za ka ara wa ɗan'uwa don kunya, domin wanda zai ɗanɗana kuɗarta yana can gona bai san an yi ba. In ka zargi mutum a bainar jama'a ka gano ka yi kuskure, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da kalmar sirrin wurin aiki, musamman masu gida, don su ne suka fi saurin bayarwa.